Gashin Ido da Maganin Tsawaita Shi: Nasiha ga Mata Kafin Salla

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu ji da gani, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan azumi ya shiga goman ƙarshe, hankalin mata yakan koma ga kwalliyar Salla. A cikin tambayoyin da suke aiko mana akwai batun maganin da ke tsawaita gashin ido. Shin ya halatta? Kuma yana cutarwa?

Mu fara sanin abin kafin mu yi masa hukunci. Sunan maganin bimatoprost. Asalinsa maganin ɗigawa ne ga masu hawan jinin ido, cutar da likitoci ke kira gulokoma. Da aka lura gashin idon masu amfani da shi yana ƙara tsawo da kauri da duhu, sai hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi don wannan buƙata a shekarar 2008, da sunan Latisse. Ba a sayar da shi sai da takardar likita.

Ƙa'idarsa ita ce a shafa shi sau ɗaya da dare, a gindin gashin fatar ido ta sama kaɗai, da sabon abin shafawa mai tsabta ga kowane ido. Cikakken amfaninsa yakan bayyana bayan sati 16, kuma idan aka daina, gashin yakan koma yadda yake. Saboda haka wadda ta saya yau don kwalliyar jibi ta yi asarar kuɗinta. Yana iya jawo ƙaiƙayi da jan ido, ya baƙanta fatar ido, ya fitar da gashi a duk inda yake yawan ɗiga, har ma ya ƙara duhun ƙwayar ido, canjin da galibi ba ya gushewa. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai maganin hawan jinin ido, kada su taɓa shi sai lokotoro ya duba su.

A shari'a, ado ga miji abin so ne, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi kwallin ismidi saboda yana ƙara hasken gani, yana tsirar da gashi. Gashin da ya tsiro a jikin mace nata ne. Ya bambanta da gashin kanti da ake liƙawa, wanda malamai da dama suka haɗa da jona gashi da aka haramta, ga shi kuma abin liƙin yana iya tare ruwan alwala. Amma ido amana ne, cutar da shi haramun ne. Kwalbar da aka saya a tebur ko a hannun mai talla, ba a san abin da ke cikinta ba. Hatta kwallin kasuwa, an samu darma a cikin wasu, ita kuwa guba ce, musamman ga jarirai.

Game da azumi, a mazhabar Malikiyya abin da aka sa a ido da rana, ya isa maƙogwaro, yana karya azumi. Wanda aka sa da dare babu komai a kansa. Sai dai muna jan kunnen masu hawan jinin ido: kada ku ajiye maganinku saboda azumi, domin ganin da wannan cuta ta tafi da shi ba ya dawowa. Ku nemi likita ya tsara muku lokutansa tsakanin shan ruwa da sahur.

Kada kuma mu manta da amodari, wanda ya daɗe yana wahalar da ƙauyukan Zinder da Maradi. Yana juyar da gashin ido ciki, ya yi ta sukar ƙwayar har gani ya tafi. Tsohuwar da muka ga tana tsige gashin idonta da matsefata, ɗan ƙaramin aiki take buƙata a gidan likita. Wanda ya kai ta cikin wannan wata mai alfarma ya yi sadaka babba.

Allah Ya kiyaye mana ganinmu, Ya karɓi azuminmu, Ya sa muna cikin ƴantattun bayinSa. Amin.