Baƙin Mai Na Motar Tsere: Zaɓensa Da Lokacin Juye

Akwai wata irin mota da a ke ƙerawa ba don ɗaukar kaya ba, ba kuwa don jigilar mutane ba, sai don gudu. Gajeruwa ce, cikinta dab da ƙasa, galibi mutum biyu kaɗai ta ke ɗauka. Tana bin hanya kamar sauran motoci, amma in mai ita ya so ya kan kai ta fili ya sake mata linzami. Ita za mu kira motar tsere. Matsayinta cikin motoci kamar na dokin sukuwa ne cikin dabbobin hawa, kai ma kuwa ka san kiwon dokin sukuwa dabam ya ke da na jakin kaya. To, ko motar taka ce, ko kuwa an ba ka amanar tuƙinta ko gyaranta, babu abin da ya kamata ka fara sani kamar sha'anin baƙin mai. Gama in mai ya ɓaci inji ya kan buga, gyaransa kuwa ya fi kuɗin mai nesa ba kusa ba.

AIKIN MAI A CIKIN INJI

A cikin inji akwai ƙarafa masu yawa, waɗansu suna juyawa, waɗansu suna kai da kawowa. Da za su goga juna kai tsaye, da nan da nan sun yi zafi sun cinye juna. Saboda haka akwai famfo da ke tura mai tsakaninsu, ya zama wani ɗan shimfiɗi wanda bai kai kaurin gashin kanka ba. A kansa ƙarfen ya ke sulɓi. Bayan wannan, mai yana kwashe zafi, yana wanke dauɗar da ƙonewar fetur ta ke bari, yana kuma hana tsatsa.

Injin motar gida ya kan juya kamar sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya in tana tafiya a hanya. Amma Honda S2000, wadda aka fitar a Japan a 1999, injinta yana iya juyawa sau 9,000 a minti ɗaya, watau sau 150 kafin ka ƙifta ido ka buɗe, cikin daƙiƙa guda. Ka ga man da ke cikin wannan inji wahalarsa ta fi ta ɗan'uwansa. Dubi kuma Porsche 911 ta ƙasar Jamus. Har zuwa 1998 injinta ba ya shan ruwa, iska da mai su ke sanyaya shi, don haka ta kan sha mai fiye da lita 10, alhali motar gida lita 4 ko 5 sun ishe ta.

LAMBOBIN DA KE JIKIN GALAN

In ka ɗauki galan na baƙin mai za ka ga lambobi biyu da harafi a tsakani, kamar 5W-30 ko 0W-40. Awon kaurin man ke nan. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wadda a ke kira SAE, ita ta fara tsara wannan awo a 1911.

Ka san halin man shanu. Da hunturu ya kan daskare, in ya ji wuta kuwa sai ya tsinke kamar ruwa. Haka baƙin mai ya ke. In ya yi kauri da yawa da safe, ba zai isa ga ƙarafa da wuri ba, sai su yi ta goga juna a bushe. In kuwa ya tsinke da yawa sa'ad da inji ya ɗau zafi, shimfiɗin nan sai ya yage.

Lamba ta fari, mai harafin W, tana nuna halin man cikin sanyi, gama W shi ne harafin farko na sunan lokacin sanyi da Turanci. In lambar ƙarama ce, man yana gudana da sauri da an ta da inji. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, watau zafin tafasar ruwa. In babba ce, man ya fi riƙe kaurinsa cikin zafi.

Kada ka ce tun da mota mai gudu ce, lalle mai kauri ya fi dacewa da ita. Ga misali. Mazda MX-5 ta Japan, ƙirar 2016, an rubuta mata 0W-20 a Amurka, mai tsinkakke ƙwarai. Corvette ta Amurka, ƙirar 2019, da 0W-40 ta fito daga masana'anta. BMW M3 ta Jamus kuwa, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2006, 10W-60 ta ke sha. Dukansu masu gudu ne, amma kowace da kiwon da ya karɓe ta. Dalili kuwa, maƙerin kowane inji ya auna ratar da ke tsakanin ƙarafansa, da ƙarfin famfonsa, da zafin da ya ke yi, sa'an nan ya zaɓi man da ya yi daidai. In ka zuba mai kauri a injin da ratarsa ƙanƙanuwa ce, ba zai ratsa sosai ba. In ka zuba tsinkakke inda a ke bukatar kauri, ƙarfe zai taɓa ƙarfe. Saboda haka littafin motar, wanda maƙeranta su ka rubuta, shi ne alƙali. Maganarsa tana gaba da ta mai shago da ta abokin hira.

IRIN MAN DA HATIMINSA

Baƙin mai iri biyu ne. Akwai wanda a ke tacewa daga ɗanyen man ƙasa, akwai kuma wanda masana su ke harhaɗawa da dabara, a ke kiransa sintetik. Irin na biyu ya fi jure zafi, ya fi gudana cikin sanyi, ya kuma fi daɗewa bai lalace ba. Ɗaya daga cikin sanannunsa, Mobil 1, ya shiga kasuwa a 1974. Kusan dukan motocin tsere na zamanin nan shi su ke bukata, balle waɗanda ke da turbo, watau na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska, gama tana yin zafi ƙwarai. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado.

Sai ka duba hatimi. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana ba mai daraja da haruffa biyu: SN a 2010, SP a 2020, SQ a 2025. Waɗansu maƙera kuma suna da nasu gwaji. Porsche tana da A40, masu ƙera Corvette suna da dexos. In littafin motarka ya ambaci irin wannan alama, nemi galan mai ɗauke da ita. Ka sayi mai a rufe, bakinsa ba a taɓa ba, a wurin wanda ka amince da shi, gama akwai jabu a kasuwa.

YAUSHE A KE JUYE?

Mai yana tsufa. Zafi yana ƙona shi, dauɗa tana taruwa a cikinsa, magungunan da aka zuba masa don wanki da kare ƙarfe suna ƙarewa. A da a kan ce a yi juye duk mil 3,000, watau kusan kilomita 5,000. Wannan ƙa'idar tsofaffin injuna ce da tsohon mai. Yanzu maƙera sun tsawaita. A Amurka, Porsche ta sa wa motocinta na zamani mil 10,000, watau kamar kilomita 16,000, ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa.

Amma ka lura, wannan lissafi na motar da ke tafiya a kan hanya mai kyau ne, cikin sauƙi. Littattafan motoci su kan ware aiki mai tsanani dabam, su rage wa'adin, sau da yawa har zuwa rabi. Ga abubuwan da ke tsufar da mai da wuri.

Na fari, tsere. A tafiya ta kullum zafin mai ya kan tsaya wajen digiri 90 zuwa 110, amma a filin tsere ya kan haura 130. In mota ta yini a fili, a duba manta kafin ta shiga da bayan ta fito, a kuma gaggauta juye.

Na biyu, ƙura da zafin rana. Motar da ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara, ko ta yini cikin cunkoso inji yana aiki ba ta motsi, ba za a yi mata lissafin motar ƙasar sanyi ba.

Na uku, gajeriyar tafiya. Wannan ita mutane ba su cika ganewa ba. Duk sa'ad da fetur ya ƙone yana haifar da tururi, kaɗan daga ciki kuma, tare da ɗanyen fetur, yana sauka cikin mai. Sai mai ya yi zafi sosai, ya daɗe a haka, su ke tashi su fita. Motar da a ke fito da ita ran Juma'a kaɗai, a ɗan zaga gari a mayar, manta cike ya ke da ruwa da fetur, ko da ya ke ba ta yi nisa ba. Don haka ne aka ce ko shekara guda. In shekara ta kewayo a yi juye, ko da mil 1,000 kaɗai ta yi.

Waɗansu sababbin motoci suna da kwamfuta mai ƙidaya juyin inji da zafinsa, ta nuna maka lokacin juye. In ta nuna, kada ka ce sai gobe.

ABIN DA ZA KA RIƘA YI

1. Ka auna mai a kai a kai, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Waɗansu motocin tsere suna da tankin mai dabam, awonsu sai inji ya yi zafi, waɗansu kuma ba su da sandar awo, a allon gaban direba a ke gani. Bi yadda littafin ya ce.

2. Kada mai ya gaza alamar ƙasa, kada kuma ya wuce ta sama. In ya yi yawa sai inji ya kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe.

3. Baƙin launi kaɗai ba ya nuna mai ya mutu, alama ce yana wanki. Amma in ka ga ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, inji yana cin kansa. Nemi bakanike nan da nan.

4. Duk ranar juye a sake matatar mai, wadda a ke kira filta. Wanda ya yi wanka ba ya mai da riga mai dauɗa.

5. Da ka ta da inji, tafi a hankali har mai ya ɗau zafi, gama ruwan inji ya kan riga mai zafi. Ba a sukuwa da doki daga turke.

6. Rubuta ranar juye, da mil, da irin man da aka zuba, a ɗan littafi. Ka iya rubutu yanzu, ga wurin amfaninsa.

7. Tsohon mai guba ne. Kada ka zubar da shi a ƙasa ko kusa da rijiya, kada kuma ka bari ya daɗe a fatarka. Tara shi a rufaffen galan ka kai wa masu karɓarsa.

In ka kiyaye waɗannan, ka zuba abin da maƙeri ya ce, ka juye shi gwargwadon wahalar da motar ta sha, injinka zai daɗe yana yi maka aiki. Rigakafi dai ya fi magani.