Yadda likita ke auna makomar mai ciwon hanta

Idan aka kawo majinyaci daga Kibiya zuwa Babban Asibitin Rano, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura, tambayar dangi ɗaya ce: zai tashi?

Likita ba ya yin duba, lissafi yake yi. Ma'aunin Child-Pugh, wanda aka kammala a 1973, yana duba abubuwa biyar: sinadarin bilirubin mai jawo shawara, furotin albumin, saurin daskarewar jini, ruwan da ya taru a ciki, da rikicewar hankali. Idan aka haɗa makin abubuwan nan, 5 zuwa 6 rukunin A ne, akwai kyakkyawan fata. Daga 10 zuwa 15 kuwa rukunin C ne, hanta ta kusa gazawa. Rikicewar hankalin nan, wadda wasu ke ɗauka aljanu ne, ita ce alamar da ta fi tayar wa likita hankali.

Ma'aunin MELD, mai maki 6 zuwa 40, yana ƙara da gwajin ƙoda, kuma da shi Amurka ke tsara layin dashen hanta tun 2002.

A nan, makin ne ke nuna wanda za a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Galibi tushen cutar shi ne hepatitis B, wadda wani bincike na 2018 ya gano a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na baligan Najeriya.