Whitechapel: Yadda zaɓen lokacin fita ke rage cunkoso da kuɗin sufuri a Landan

A unguwar Whitechapel da ke gabashin birnin Landan, manyan wurare uku ne ke jan jama'a zuwa titi guda: Asibitin Royal London, da Masallacin Gabashin Landan, da kasuwar da ke ci a bakin titi daga Litinin zuwa Asabar. Da yawa daga cikin masu zuwa nan ba aiki ya kawo su ba, ganin likita ne ko cefane ko salla. Saboda haka suna da damar da ma'aikacin ofis ba shi da ita, wato zaɓen lokacin fita.

Tashar jirgin ƙasa ta unguwar mahaɗa ce ta layuka huɗu, ciki har da layin Elizabeth da aka buɗe a watan Mayun 2022. Hukumar sufurin birnin, TfL, na tsawwala kuɗin jirgi daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe, da kuma 4:00 zuwa 7:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Lokacin da fasinja ya ɗora katinsa a ƙofar shiga shi ake dubawa, don haka jinkirin minti biyar kan iya sauya farashi.

Akwai wani sassauci da ba kowa ya san da shi ba. Whitechapel na shiyya ta biyu, kuma wanda ya tashi daga can zuwa shiyya ta ɗaya, wato tsakiyar birni, da yamma, farashi mai rahusa zai biya, domin a lokacin jama'a ficewa suke yi. Kuɗin bas kuwa ba ya sauyawa, kuma tun 2016 fasinja na iya sauya bas cikin sa'a guda ba tare da ƙarin biya ba. Su ma dattawa masu katin tafiya kyauta, a ranakun aiki sai ƙarfe 9:00 na safe katin ke fara aiki, abin da ya kamata su tuna kafin su amince da lokacin ganin likita.

Mai mota lissafinsa daban ne. Yankin da ake biyan harajin cunkoso, wanda aka ƙirƙiro a 2003, yana farawa ne daga wajejen Aldgate, yamma kaɗan da unguwar. Ana karɓar harajin daga 7:00 na safe zuwa 6:00 na yamma a ranakun aiki, da kuma 12:00 na rana zuwa 6:00 a ƙarshen mako.

Sai dai unguwar na da nata cunkoson da jadawalin TfL bai nuna ba. Ranar Juma'a dubban masallata kan cika gefen titi da azahar, sannan tashin 'yan makaranta bayan ƙarfe uku na cika bas-bas tun kafin ma'aikata su taso.

Tun bayan annobar korona, Talata zuwa Alhamis ne suka fi cunkoso, saboda ma'aikata da dama na aiki daga gida a sauran ranakun. Wannan ya sa magajin gari Sadiq Khan ya gwada soke farashin tsada a ranakun Juma'a daga Maris zuwa Mayun 2024.

Ga mai cefane ko ziyarar mara lafiya, lokacin da ya fi sauƙi shi ne tsakanin goma na safe da uku na rana, ko bayan bakwai na yamma.