Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani

Bakteriya ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma su ke haddasa taifot, tarin fuka, ciwon sanyi da ruɓewar rauni. Ana kashe su da magungunan antibayotik, irin su fenisilin wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin yadda za su jure masa.

Abin da ya hango ya tabbata. Duk sa'ad da aka sha antibayotik, raunanan ƙwayoyi kan mutu, masu tauri su tsira su hayayyafa, har su gadar wa wasu wannan taurin. Mutane kan ce jikinsu ya saba da magani, alhali ƙwayar cutar ce ta sauya. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda wannan matsala, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

A ƙasashe marasa ƙarfi matsalar kaifi biyu gare ta. Ana sayen kafso a kemis ko a tiren mai talla ba tare da takardar likita ba, sau da yawa don mura, wadda bairas ke kawowa kuma antibayotik ba ya taɓa ta. Mai ƙaramin ƙarfi kan sayi na kwana biyu, da ya ji sauƙi ya daina. Masu kiwon kaji na zuba antibayotik a ruwan shan kajin. Ga kuma jabu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa na bogi ne ko marasa inganci. Amma a ƙauyuka da dama yara na mutuwa da ciwon huhu saboda ba su sami maganin ba sam. Hana sayarwa kawai, ba tare da samar da asibiti kusa ba, zai ƙara wa talaka wahala ne.

Babban giɓin shi ne gwaji. Ɗakunan da ke iya shuka ƙwayar cuta su gano maganin da ke kashe ta ba su da yawa, saboda haka likita kan rubuta magani bisa hasashe, idan bai yi ba ya gwada wani.

Pakistan ta ga ƙarshen wannan hanya. A 2016 taifot mai bijire wa rukuni biyar na magunguna ya ɓarke a birnin Haidarabad na lardin Sindh, inda najasa ke gauraya da ruwan sha. Azitromaisin kaɗai ya rage cikin na haɗiya, sauran sai allurai masu tsada a gadon asibiti. Ba sabon magani ƙasar ta jira ba. A 2019 ta zama ta farko da ta sa sabon rigakafin taifot cikin jerin rigakafin yara, aka yi wa miliyoyi. Laberiya da Zimbabuwe suka bi sahu a 2021. Yaron da bai kamu ba, ba ya bukatar kafso, shi ya sa rigakafi, ruwa mai tsabta da wanke hannu a asibiti suka fi sauran matakai araha da amfani.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai sauran sun gaza. A Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince su rage mace-macen da ke da alaƙa da matsalar da kashi 10 cikin 100 kafin 2030, kuma aƙalla kashi 70 na antibayotik ɗin da mutane ke sha ya fito daga rukunin farko.