Ɓarnar Ɗan Biki a Otal: Wa Zai Biya?

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato aka mayar da Gusau babban birninta, garin ya zama matattarar baƙi. Ma'aikata sun ƙaru, masaukai sun ƙaru, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. Wannan ya shafi yadda ake biki. Ɗaurin aure yana nan a masallaci ko a ƙofar gida kamar yadda aka gada, amma wasu iyalai sukan kama zauren taro a otal domin walima, su kuma kama ɗakuna domin baƙin da suka zo daga nesa. Daga nan ne wata tambaya ta shari'a take tasowa, wadda ba kasafai ake tuna ta ba sai abu ya faru.

A ɗauka, alal misali, ango mutumin Bunguɗu ne, amarya kuwa 'yar Tsafe. Da yake Gusau tana tsakani, Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, Tsafe a kan hanyar Funtuwa, sai aka shirya yin walima a can. Wan ango ne ya je ya biya kuɗin zaure da ɗakuna huɗu, ya sa hannu a takarda. Ana cikin hidima wani abokin ango ya ture talabijin ɗin bango ya fashe, wani yaro ya tsage ƙofar gilashi da kujera, a ɗaya daga cikin ɗakunan kuma soket ya kama da wuta ya ƙone labule. Da gari ya waye sai manaja ya kawo lissafi, ya ce ba mai fita sai an biya. To, wa ya kamata ya biya? Ango ne, ko wansa, ko wanda ya yi ɓarnar da hannunsa?

Asalin ƙa'ida

Dokoki iri biyu ne suke aiki a kan irin wannan lamari a Zamfara. Akwai dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila, wadda manyan kotuna suke bi a sha'anin yarjejeniya da cutarwa. Akwai kuma shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa, tun kafin a faɗaɗa aikinta a jihar a watan Janairu na 2000. Abin lura shi ne, duk da bambancin tushensu, wuri guda suka fara: wanda ya ɓata shi ne mai biya.

Malaman fiƙihu sun raba masu hannu a ɓarna gida biyu, wato wanda ya aikata kai tsaye da wanda ya zama sanadi. Idan suka haɗu, a galibi wanda ya aikata kai tsaye ake kamawa. Ango ya zama sanadin zuwan abokinsa otal, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya ture talabijin ba. Haka kuma a wajen dukiyar mutane ba a bambanta ganganci da kuskure ta fuskar biya. Mai kuskure ba shi da zunubi, amma sai ya biya. Saboda haka cewa "tsautsayi ne" tana sanyaya zuciya, ba ta sauke nauyi.

Dokar Ingila ta ɗan sassauta a nan, domin ita tana tambaya ko mutum ya yi sakaci, wato ko ya kasa yin hattarar da mai hankali zai yi a irin wannan hali. Ta kuma yarda a kama wani da laifin wani a wasu wurare ƙalilan, mafi shahara shi ne maigida da ma'aikacinsa, idan ma'aikacin ya yi ɓarnar a bakin aiki. Amma ɗan biki ba ma'aikacin ango ba ne. Ba a biyansa, ba a kuma ba shi umurni. Katin gayyata kaɗai ba ya mayar da ango mai lamunin duk wanda ya amsa gayyar, balle 'yan gayyar soɗi.

Batun yaron da ya tsage ƙofa yakan ba mutane mamaki. A Malikiyya, abin da yaro ya ɓata daga dukiyar yaron ake biya, idan ba shi da ita sai ya zama bashi a kansa. Uba yana shigowa ne idan shi ya sa shi, ko ya yi sakaci wajen kula da shi. Dokar Ingila ma ba ta kama uba don kawai shi ya haifa. A aikace dai iyaye ne suke biya, amma kunya da mutunci ne suke sa su, kuma ba laifi ba ne.

Inda sa hannu yake sauya komai

Duk abin da aka faɗa a sama yana iya juyawa saboda takarda guda. Yarjejeniya tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta ne kawai, kuma a misalin nan wan ango ne ya ƙulla da otal, ba ango ba, ba abokinsa ba. Idan takardar ta ƙunshi sharaɗin cewa mai kama zaure ya ɗauki nauyin duk ɓarnar da baƙinsa suka yi, to wan ango ya zama mai lamuni da yardarsa. Otal yana da ikon binsa kai tsaye ba tare da neman wanda ya fasa ba. Fiƙihu ma ya san wannan babi na lamuni, inda mutum yake ɗaukar wa kansa haƙƙin da yake kan wani. Bayan ya biya, yana iya komawa kan wanda ya yi ɓarnar ya nemi kuɗinsa, in har zumunci ya bar shi.

Kotun Ingila ta yanke a 1934, a shari'ar L'Estrange da Graucob, cewa wanda ya sa hannu a takardar yarjejeniya ya ɗaure kansa da abin da ke cikinta ko da bai karanta ba, muddin ba a yaudare shi ba. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida. Akwai dai kariya ga wanda bai iya karatu ba, domin dokar kare marasa karatu ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadinsu ya sa sunansa da adireshinsa, abin da yake nuna cewa an karanta musu an kuma fassara kafin su dangwala yatsa.

Idan kuma sharaɗin ba ya cikin takardar, sai dai an manna shi a bayan ƙofar ɗaki fa? Wata shari'ar otal ta 1949, wadda ake kira Olley da Marlborough Court, ta amsa wannan. Wata mata da mijinta sun biya kuɗin ɗaki a kanta, da suka hau sama sai ga sanarwa a bango cewa otal ba shi da alhakin kayan da aka sace. Daga baya aka ɗauki makullinsu daga wurin ajiya aka sace mata kaya masu tsada. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce an gama ƙulla yarjejeniya tun a kanta, don haka sanarwar da aka gani daga baya ba ta shiga ciki ba. Hukunce-hukuncen Ingila na bayan 1900 ba su zama dole a kan kotunan Nijeriya ba, amma ana kafa hujja da su, kuma hikimar wannan a fili take: ba a ƙara wa ciniki sharaɗi bayan an tafa.

In babu sharaɗi ko kaɗan, mai haya a fiƙihu amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Wan ango zai shiga ciki idan an ce zauren na mutum 200 ne ya cusa 400, ko an hana dafa abinci a ɗaki ya bari aka shigo da risho. Amma kafet da ya dushe saboda tattaki, ko kujerar da ta saki don tsufa, wannan na mai otal ne, yana cikin abin da aka biya kuɗin haya dominsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Soket ɗin da ya ƙone

A nan ne kimiyya take taimakon alƙali. Wutar gida a Nijeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230, kuma soket mai baki uku an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13. Idan aka ninka 230 sau 13 za a sami wat 2,990, wato kusan 3,000. Wannan shi ne iyakar nauyin da soket guda zai ɗauka lafiya. Butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200, idan aka jona su tare a kan wayar ƙari guda, sun kai 3,200, sun haye iyaka ke nan. Zafin da waya take yi kuwa ba daidai da ƙaruwar wuta yake ƙaruwa ba. Idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin yana ninkawa huɗu. Shi ya sa siririyar waya take narkewa da sauri.

Baƙuwar da ta jona kayan nan biyu ta yi sakaci, musamman idan an gargaɗe ta. Sai dai kuma an ƙirƙiri fis da makatsin wuta ne domin irin wannan rana, su yanke wuta kafin waya ta yi zafin kamawa. Idan bincike ya nuna an cire fis an ɗaura waya a gurbinsa, ko an yi wa ginin wayoyi marasa kauri, to otal ma yana da nasa kason, kuma kotu tana iya rage abin da za a biya gwargwadon sakacin mai ƙara. Saboda haka yana da amfani a kira mai gyaran lantarki wanda ba na kowane ɓangare ba ya duba kafin a taɓa komai.

Nawa za a biya?

Manufar diyya ita ce a mayar da mai kaya matsayin da yake kafin ɓarna, ba a azurta shi ba. Malikiyya ta ce abin da ake aunawa ko ƙirgawa kuma yake da irinsa, a biya da irinsa, wanda ba haka ba a biya ƙimarsa ta ranar da aka ɓata shi. Idan lahanin kaɗan ne, a gyara a cika abin da ya ragu na daraja. Idan ya kashe amfanin abin baki ɗaya, mai kaya yana da zaɓi: ya karɓi cikakkiyar ƙima ya bar wa mai ɓarna gawar kayan, ko ya riƙe kayansa ya karɓi cikon.

Ga lissafi mai sauƙi da ɗalibi zai iya gwadawa. A ce an sayi talabijin a kan naira 300,000, ana sa ran zai yi shekara 6. Kowace shekara yana rasa 50,000 ke nan. Idan ya shekara 4 a bango kafin a fasa shi, abin da ya rage 100,000 ne. Manajan da ya nemi kuɗin sabo fil yana neman riba ne a kan tsautsayi. Wannan lissafi jagora ne kawai, domin a lokacin tsadar kaya tsohon talabijin yana iya fin haka a kasuwa, kuma farashin irinsa a kasuwa shi ne ma'aunin da ya fi ƙarfi. Gilashin ƙofa kuwa ba a cika samun na hannu ba, don haka kuɗin sabo da na mai sakawa ake dubawa. Idan otal ya ce ya yi asarar kuɗin ɗaki na kwanakin gyara, kotunan Nijeriya suna buƙatar ya zayyana asarar dalla-dalla ya kuma tabbatar da ita da hujja. Kuɗin ajiya da aka karɓa tun farko ana cire ɓarnar daga ciki ne a mayar da saura.

Hujja tana kan mai ƙara a dokokin biyu, a shari'ar Musulunci kuma rantsuwa tana kan wanda ya musa idan hujja ta gaza. Hoton waya da aka ɗauka lokacin karɓar zaure da lokacin mayarwa yakan kashe gardamar da shaidu goma ba za su kashe ba.

Saura maganar manaja cewa ba mai fita. Wannan ba shi da ikonsa. Dokar da aka gada ta ba mai masauki damar riƙe kayan baƙo saboda kuɗin masauki da bai biya ba, amma ba ta ba shi damar tsare mutum ba, kuma sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare 'yancin walwalar kowa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ba a kama ango don abokinsa ya gudu. Idan da gangan aka yi ɓarnar, wannan laifi ne da hukuma za ta iya tuhumar wanda ya aikata, shi kaɗai.

Hanyar da ta rage wa otal ita ce ƙara, ko dai a kotun shari'ar Musulunci idan ɓangarorin Musulmi ne, ko a kotun gunduma ko babbar kotu gwargwadon yawan kuɗin. Sau da yawa ba a kai can ba. Waliyyan da suka ɗaura auren jiya suna nan a gari ba su koma Tsafe da Bunguɗu ba, kuma su ne akan kira su zauna da manaja, a ɗauko takardar da wan ango ya sa wa hannu a karanta, a aika kasuwa a tambayo farashin talabijin.