Gayya a Fadamar Haɗeja: Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Aikin Taro

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai duk manomin da ya taɓa kiran gayya ya san cewa mutum ashirin ba lallai ne su yi aikin mutum ashirin ba. Wata gayyar akan nome gona tun kafin azahar, wata kuwa sai a cinye tuwo a watse, ciyawa na nan daram. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken dalilin wannan bambanci, kuma fadamar Haɗeja wuri ne da za a ga amsar a fili.

Matsalar da ta fi ƙarfin mutum guda

Kogin Haɗeja ya samo ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa. A da, yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana a wasu rassan kogin duk shekara. Wannan yanayi ya yi wa ciyawar kacalla daɗi ƙwarai, ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa a yankunan Auyo da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Inda ta toshe, ruwa kan malala cikin gonaki ta sama, na ƙasa kuma su rasa. Ta hana masunta jefa koma, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Kacalla na da ƙananan kafofi a cikin ganyenta waɗanda ke kai iska zuwa saiwa. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, saiwar kan rasa iska ta raunana. To amma wanda ya share gaban gonarsa kaɗai bai buɗe wa ruwa hanya ba. Shi ya sa ƙauyuka kan haɗu, da lauje da adda da kwalekwale, su yi gayyar share magudana.

Ina ƙarfin yake zurarewa?

Wani injiniyan aikin gona ɗan ƙasar Faransa, Max Ringelmann, ya auna ƙarfin da mutane ke sawa wajen jan kaya, ya buga sakamakon a 1913. Ya gano cewa idan mutum biyu suka ja tare, kowannensu kan ba da kimanin kashi 93 cikin 100 na ƙarfin da yake bayarwa shi kaɗai. In su uku ne, kashi 85. In sun kai takwas, sai abin ya sauko zuwa kashi 49, wato ƙasa da rabi.

Dalilai biyu ne ke jawo haka. Na farko rashin daidaituwa: wani ya ja, wani ya saki, ƙarfin ya tashi a banza. Lissafi ma ya nuna yadda wannan ke ƙaruwa. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin tuntuɓar juna 10, tsakanin mutum 10 akwai 45, tsakanin mutum 20 kuwa akwai 190. Dalili na biyu shi ne laɓewa cikin taro. A 1974 Alan Ingham da abokan aikinsa a Amurka sun rufe wa ɗalibai idanu, suka sa kowa ya ja igiya shi kaɗai alhali yana zaton da wasu a bayansa. Duk da babu wanda zai kawo masa cikas, ƙarfinsa ya ragu. A 1979 Bibb Latané da abokansa suka sami irin wannan sakamako da tafi da ihu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da zarar mutum ya san ana iya gane ƙoƙarinsa shi kaɗai, lalacin kan ragu sosai.

Hikimar da ke cikin gayya

Wanda ya dubi tsarin gayyar noma da idon basira zai ga tana maganin waɗannan cututtuka biyu. Gangar noma tana daidaita saran fartanya, kowa ya ɗaga ya sauke a lokaci guda. Kowane manomi kuma yana riƙe da kunyarsa, saboda haka wanda aka bari a baya kowa na ganinsa. Makaɗi na kiran sunan gwarzo yana yi masa kirari, ƙoƙarin mutum bai ɓace cikin taro ba ke nan. Bugu da ƙari, gayya bashi ce: wanda bai je ta wani ba, ranar tasa zai ga wayam.

Sai dai share kogi ya bambanta da noman gona. Masani Ivan Steiner ya bayyana a 1972 cewa ayyukan taro iri-iri ne. Akwai wanda ake tara ƙoƙarin kowa, kamar noma: in mutum guda ya yi sanyi, sauran sa cike giɓin. Akwai kuma wanda mafi rauni ne ke yanke sakamakonsa. Magudanar ruwa irin wannan ce. In ƙauyuka tara suka share rabonsu, na goma bai share ba, ruwa ba zai wuce ba, wahalar taran ta tafi a banza. A nan kirari da kunya ba su isa ba, domin mutanen wannan ƙauye ba sa ganin na wancan kullum.

Daga ƙauye zuwa kogi baki ɗaya

Elinor Ostrom, wadda ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna raba ruwan noma ba tare da sun lalata shi ba, a ƙasashe irin su Sifen da Filifin. A littafinta na 1990 ta nuna abubuwan da suka yi tarayya a kai: an san masu haƙƙi, masu amfani da ruwan suna da baki wajen tsara doka, akwai masu sa ido, horo yana farawa daga ƙarami ya hau, sasanta rikici ba ya tsada, sannan ƙananan ƙungiyoyi suna cikin manya daki-daki.

Fadamar Haɗeja na da tushen irin wannan tsari, domin akwai sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo da bulama, kowa da jama'arsa. Abin da ke da wuya shi ne buƙatunsu sun saɓa. Mai shinkafa na son ambaliya daidai gwargwado, masunci na son ruwa ya daɗe, makiyayi na son ya janye ciyawa ta fito. Ruwan kuma daga wata jiha ake sakinsa. Ganin haka ne jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka yi taro a Damaturu a 2006, suka amince da kafa asusun kula da kogin baki ɗayansa. Wannan shi ne daki na sama. Amma injin yashe kogi komai girmansa ba zai hana kacalla dawowa ba, in babu ƙauyukan da za su ci gaba da yanka.

Gwaji a makaranta

Malami na iya nuna wannan da igiya da sikelin rataye mai ƙarfi. A ɗaure sikelin a jikin bishiya, ɗalibai uku su ja ɗaya bayan ɗaya, a rubuta, a tara. Sannan su ja tare, a kwatanta. Daga nan a sake, wani yana ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Bambancin da za a gani shi ne aikin da ganga ke yi a gona.

Darasin ya shafi aikin rukuni a aji. Kada rukuni ya yi yawa, mutum huɗu ko biyar sun isa. A ba kowa kunyarsa, a rubuta sunansa a kan abin da ya yi, a sa ranar duba aiki. Saɓani a farkon tafiya ba alamar rushewa ba ne, domin Bruce Tuckman ya nuna a 1965 cewa ƙungiya kan bi ta matakin gardama kafin ta daidaita ta kama aiki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai yawan ya sami tsari.