Ɗakin Ƙari: Wa Ya Ba da Izini, Kuma Na Wane Ne?

Da zarar an kawar da amfanin gona, kuɗin masara da shinkafa da waken suya sun shigo hannu, sai ka fara ganin tifa tana juye yashi a ƙofar gidaje. Daga Paki zuwa Gubuci, daga Tashar Yari zuwa Hunƙuyi, rani lokacin gini ne. Masu rake kuma nasu kuɗin yakan zo daga baya, su ma su bi sahu. Mafi yawan ginin nan ba sabon gida ba ne, ƙari ne: yaro ya isa aure za a fitar masa da ciki da falo, ko maigida zai ƙara mata, ko kuwa a Maƙarfi an ga ɗaliban Kwalejin Shehu Idris ta koyon aikin lafiya suna neman wurin kwana, sai a yanki gefen tsakar gida a yi ɗakin haya.

Lissafin da ake yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bulo nawa ɗaki sha biyu-sha biyu zai ci, mai inci shida za a buga ko mai inci tara, bandir nawa na kwano, nawa birkila zai karɓa, nawa kafinta. Tun da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, wannan lissafi ya ƙara zafi. Abin da ban cika jin an sa a ciki ba shi ne tambayoyi biyu: wa ya kamata ya amince kafin a haƙa tushe, kuma idan an gama, ɗakin na wane ne? Na daɗe ina riƙe wa dangi da maƙwabta alƙalami a wajen rabon gado, kuma abin da na gani shi ne, rigimar da ta fi daɗewa tana cin zumunci a kan irin wannan ɗaki take tashi.

Mu fara da hukuma. Mutanenmu da yawa sun ɗauka neman izinin gini na mutanen Kaduna da Zariya ne. Dokar ba haka ta ce ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da haƙƙin zama a fili. A karkara kuwa dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya. Sai dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992, wadda ta ce duk wanda zai yi gini ya nemi amincewar hukumar tsara gari, kuma ƙara wa tsohon gini yana cikin abin da ake nufi. A jihar Kaduna hukumar KASUPDA ce ke duba zanen gini ta ba da izini, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 kuma ita ke riƙe da rajistar filaye da fitar da takardar mallaka. Abin da akan nema ba ɓoyayye ba ne: shaidar cewa filin naka ne, zanen da ya nuna inda gidan yake da inda ƙarin zai zauna, zanen ɗakin kansa, da kuɗin da aka yanka.

Gaskiya ne ma'aikatan nan ba sa shiga kowane lungu na Saulawa ko Likoro, kuma dubban ɗakuna sun tashi ba tare da kowa ya zo ya duba ba. Amma wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kaduna da Zariya tsakanin 2015 da 2023 ya san cewa shirun hukuma ba yafiya ba ne. Wanda gidansa ke bakin babban titin Zariya zuwa Kano, ko a tsakiyar Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi inda gari ke faɗaɗa, ko kusa da manyan wayoyin lantarki, shi ya fi kowa bukatar ya taka zuwa ofis kafin ya sayi bulo. Titin gwamnatin tarayya yana da haraba ta kimanin mita 45 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Ɗakin da ya shiga cikinta, ranar da aka zo aka shafa masa jan fenti, mai shi ba shi da bakin magana.

Ni a ganina laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Manomin da zai yi ɗaki guda na dubu ɗari kaɗan, a ce sai ya nemo mai zane, ya yi ta zirga-zirga zuwa Zariya, dole ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya kamata a ce kowace sakatariyar ƙaramar hukuma tana da tebur guda na wannan aiki, da zane-zanen ɗaki ɗaya da ɗaki biyu da aka riga aka amince da su, mutum ya zaɓa, ma'aikaci ya zo ya auna wurin, a gama cikin mako.

Domin abin da ake dubawa yana da amfani ko da babu wanda zai kama ka. Ina ruwan indararonka zai zuba? Idan a katangar ƙasa ta maƙwabci ne, damina biyu ta isa ta kwantar da ita. Tagar sabon ɗakin tana leƙa tsakar gidan wani? Kwata ta samu hanya, ko ka toshe ta? Ɗakin ya cinye lungun da ake fitar da gawa ko a shigo da amalanke? Mafi haɗari shi ne masai. Sau da yawa idan aka ƙara ɗaki sai a matsar da shadda, ta koma kusa da rijiya, alhali ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar kimanin mita 30 tsakaninsu. A da duba-gari ke tsawatarwa a kan wannan. Sai kuma masu ɗora bene a kan tsohon gini da aka yi wa tushen ɗaki ɗaya. Wannan ba aikin ido ba ne, sai injiniya mai rajista ya tona ya ga abin da ke ƙasa, ya faɗi irin rodin da za a sa.

Sai maganar daraja. Mutum yakan ce, "Na kashe miliyan biyu, to gidana ya ƙaru da miliyan biyu." Mai saye ba ya lissafi haka. Masu kimanta kadara, waɗanda dokar 1975 ta kafa wa hukumar rajista, sukan bi hanya uku: su kwatanta da gidajen da aka sayar a unguwar kwanan nan, ko su duba kuɗin hayar da gidan zai kawo a shekara, ko su lissafa abin da za a kashe a sake gina irinsa yau a cire tsufa. Dillalin gari ma, ko bai san sunayen hanyoyin nan ba, ta farko yake bi. A kusa da makaranta ko kasuwa, ɗakin da ke da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa yakan mayar da kuɗinsa, don haya na jiransa. A ƙauyen da babu mai kama haya, ɗakin tayil da silin na zamani ba zai ɗaga farashin gidan ya wuce abin da mutanen wurin ke iya biya ba. Akwai ma ƙarin da ke rage daraja: wanda ya cinye tsakar gida har babu wurin shanya, babu turken awaki, babu inda mata za su sha iska da zafin bazara. Mai saye yana shiga zai ji gidan ya matse shi.

Takarda ma tana cikin farashi. Gidan da ke da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da dagaci ya fi wanda ba shi da komai, mai takardar mallaka ta gwamnati kuma ya fi su duka, don shi banki ke karɓa a jingina. Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, kamar titi ko layin dogo ko bututun gas, dokar 1978 ta ce abin da aka gina ko aka shuka a kai ake biya wa diyya, ba ƙasar ba. A ranar nan shaidar cewa ɗakin ya tashi bisa ƙa'ida ita ce hujjarka.

Amma inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne cikin gida. Uba ya nuna wa ɗansa kusurwa ya ce, "Ga wuri nan, yi ɗakinka." Ɗan ya sayar da shanunsa na huɗa ya gina. Shekaru sun wuce, Allah ya yi wa uban rasuwa, aka zauna rabo. Ɗan ya ce Baba ya ba shi. 'Yan'uwansa mata, waɗanda ke gidajen aurensu ba su ji lokacin da aka yi maganar ba, suka ce aro ne, gida na kowa ne. Matar uba tana jiran tumuninta. Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa, wanda zai raba gardamar kuma yana kabari.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na yankinmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu. To kyauta ce uban ya yi, ko izinin zama? Kalmar "yi ɗakinka" tana ɗaukar duka biyun. Idan kyauta ce, filin da ginin sun fita daga gado. Idan aro ne, filin na magada ne, sai a koma maganar abin da ɗan ya kashe, a kira magina su yi wa ginin kuɗi daban, a yi wa fili daban. Na zauna a wani rabo inda wa ya fito da tsohon littafin makaranta da ya rubuta kowane buhun siminti da kuɗin lebura, da kwanan wata. Ƙannensa suka duba, babu wanda ya ɗaga murya, aka cire masa nasa aka raba saura kafin la'asar. Na kuma ga inda babu ko layi ɗaya a rubuce, magana ta kai kotu, har yau 'ya'yan wa da na ƙane ba sa gaisawa.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne su daina jin nauyin wannan magana. Ranar da za a ja igiyar awo, a kira mai unguwa da liman da manyan 'ya'ya, maza da mata. Uba ya faɗa da bakinsa: "Wurin nan na ba wane halak malak," ko "Na ara masa ya zauna, ginin nasa, ƙasar ta gida." A rubuta faɗi da tsawo, a ambaci iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, shaidu su sa hannu, a yi hotonta a waya, kowane ɗaki na gidan ya riƙe kwafi. Idan matar gida ce ta sa kuɗin adashinta ko na awakinta a ginin, a rubuta sunanta da adadin, domin ita ce aka fi mantawa idan an zo rabo. Shi kuma mai ginin ya adana rasit ɗin siminti da kwano da katako, ya haɗa su da takardar izini idan ya samo, a cikin jaka ɗaya da takardar gidan.